Dattijon Plains: Gona, Coci da Bakin Rafi a Rayuwar Jimmy Carter

A safiyar wata Litinin cikin watan Mayun 2019, wani dattijo mai shekara 94 ya kintsa zai fita farautar talotalon daji a kudancin jihar Jojiya ta Amurka. Bai kai ga barin gida ba ya faɗi, ƙashin ƙugunsa ya karye. Aka garzaya da shi asibiti a garin Americus, aka yi masa aiki a ranar. Da ofishinsa ya fitar da sanarwa don kwantar wa jama'a hankali, sai aka ji cewa babbar damuwar majinyacin ita ce lokacin farautar bana zai ƙare a makon, shi kuwa bai harbi adadin da doka ta yarje masa ba, yana fatan hukumomin jihar za su ɗage masa ragowar zuwa baɗi. Kafin wata ya zagayo, ya koma gaban ajinsa a cocin garinsu yana karantar da Littafi Mai Tsarki.

Dattijon nan shi ne Jimmy Carter, shugaban Amurka na 39, wanda ya rasu ranar 29 ga Disamba, 2024, yana da shekara 100. Ya bar 'ya'ya huɗu, jikoki 11 da tattaɓa-kunne 14. Masu sharhin siyasa sun yi ta auna shekara huɗun da ya yi a kan mulki, kuma da yawansu ba su ba shi maki mai yawa ba. Ni a ganina, duk mai son ya fahimci mutumin sai ya bi shi zuwa wurare uku da bai taɓa rabuwa da su ba: gonar da ya tashi, cocin da yake ibada, da bakin ruwan da yake jefa fatsa. Daga waɗannan wuraren ne ya samo idon da ya hangi wahalar ƙauyukanmu, a lokacin da manyan duniya ba su ma san sunan kurkunu ba.

Yaron Archery

An haife shi ranar 1 ga Oktoba, 1924, a Plains, garin da har yau mazaunansa ba su kai dubu ɗaya ba. Yana ɗan shekara huɗu iyayensa suka koma gonarsu da ke Archery, wani ɗan ƙauye a gefen layin dogo, tafiyar 'yan kilomita daga garin. Gidan ba famfo, ba lantarki. Sai a 1938 wuta ta iso. Da alfadari ake huɗa, da hannu ake tsinkar auduga, kuma ƙararrawar gona ce ke tada kowa tun kafin gari ya waye. Tun yana ɗan shekara biyar yake tumɓuke gyaɗa, ya wanke, ya dafa da gishiri, ya ƙulla, ya bi layin dogo a ƙafa zuwa Plains yana talla.

Kusan dukan maƙwabtansu baƙaƙen fata ne masu noman ƙodago a gonakin Turawa, a zamanin da dokar wariya ta raba makaranta, ta raba coci, ta raba har wurin zama a jirgin ƙasa. Da 'ya'yansu ya yi wasan ƙasa, da su ya yi kokawa da iyo da farautar zomo. Mahaifiyarsa Lillian ma'aikaciyar jinya ce, takan wuni har ta kwana a gidajen marasa lafiya, baƙi da farare, don haka yaron ya sha kwana a ɗakin Jack Clark da matarsa Rachel, ma'aikatan gonar. Rachel Clark ita ce ta koya masa su. Takan tafi da shi rafi, a hanya tana nuna masa sunayen itatuwa da halayen dabbobi, tana haɗawa da zancen Allah da abin da ya rataya a wuyan ɗan Adam game da halittunSa. Da ya girma ya rubuta tarihin ƙuruciyarsa, ya lissafa ta cikin mutane ƙalilan da suka fi kowa tasiri a kansa. Wannan ya isa ya nuna cewa tun daga tushe imani da son daji tare suka shige shi, daga bakin mace guda, a kan hanya guda.

Mahaifinsa, Earl Carter, mutum ne mai tsanani: manomi, ɗan kasuwa, dattijon coci, kuma mai riƙo da tsarin wariya kamar sauran Turawan yankin. Ɗan ya ce sau shida uban ya zane shi, kuma bai manta ko ɗaya ba. Ɗaya daga ciki kuwa saboda ya zari kwabo ne daga farantin baiko a coci. Amma akwai wata rana da ta fi bulalar zama a ransa. Uban ya tafi da shi kamun kifi a wani kogi da ke kudu maso gabashin jihar, ya ba shi riƙon igiyar da aka tsire kifin da suka wuni suna kamawa. Yaron ya ɗaura ta a madaurin wandonsa, madaurin ya tsinke, ruwa ya tafi da kifin duka. Ya yi ta nutso yana lalube yana kuka, yana jiran faɗa. Sai uban ya dube shi, ya yi murmushi, ya ce ya ƙyale su, kogin bai ƙare da kifi ba, gobe ma rana ce. Carter ya tsufa yana ba da wannan labarin.

Komawa gida

Hanyar fita daga Archery ita ce aikin soja. Ya gama makarantar hafsoshin ruwa ta Annapolis a 1946, a shekarar kuma ya auri Rosalynn Smith, ƙawar ƙanwarsa Ruth. Ya yi aiki a jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin teku, har aka zaɓe shi cikin matasan da za su fara aiki da masu amfani da makamashin nukiliya a ƙarƙashin Admiral Hyman Rickover. Gaba ta buɗe masa sosai. Sai ga shi a 1953 ciwon daji ya kwantar da mahaifinsa.

Abin da ya gani a gidan jinya da wajen jana'iza shi ya juya rayuwarsa. Jama'a suka yi ta tururuwa, baƙi da farare, kowa da labarin bashin da aka yafe masa ko taimakon da aka yi masa a ɓoye. Hafsan ya tambayi kansa, shi in ya mutu a wani sansanin soja, wa zai zo? Ya ajiye kaki ya koma Plains, ba tare da ya shawarci matarsa ba. Rosalynn ta ji zafin abin matuƙa, domin ta riga ta saba da 'yancin zama nesa da ƙauye, har an ce a doguwar tafiyar motar da ta dawo da su da kyar ta yi masa magana. Daga baya shi da kansa ya ce ya kasa gane yadda ya iya yanke irin wannan hukunci shi kaɗai. Shekarar farko suka zauna a gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, fari ya cinye amfanin gona, ribar da suka samu ba ta kai dala 200 ba. Ita Rosalynn ɗin ce ta karɓi littafin lissafin siton gyaɗar, kuma daga nan auren ya zama na abokan shawara, har tsawon shekara 77.

A nan ne aka fara gwada imaninsa. Da Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wariya a makarantu a 1954, Turawan kudu suka kafa ƙungiyoyin kare fifikon farar fata. Aka zo har sitonsa aka nemi ya shiga, ya ƙi. Wasu suka ce za su biya masa kuɗin rajista, ya sake ƙi. Aka ƙaurace wa kasuwancinsa na wani lokaci. Bayan shekara goma, da cocinsu na Baptist ya kaɗa ƙuri'a kan hana baƙaƙe shiga ibada, iyalinsa da wani mutum guda ne kawai suka tsaya a kan a buɗe ƙofa. Ba zan ce hannunsa bai taɓa ɓaci ba. A yaƙin neman gwamna na 1970 ya yi zawarcin ƙuri'un masu ra'ayin wariya ta hanyar da ba ta yi masa kyau ba. Amma ranar da aka rantsar da shi, a Janairun 1971, ya tsaya gabansu ya shaida musu cewa zamanin nuna bambancin launin fata ya wuce.

Masunci a kan karaga

Mutumin da ya san kogi da tafin ƙafarsa ba ya kallon taswira kamar sauran masu mulki. Yana gwamna, injiniyoyin sojan Amurka suka kawo shirin gina babbar madatsar ruwa a kan kogin Flint, a wani wuri da ake kira Sprewell Bluff. 'Yan siyasa da 'yan kwangila duk suna so. Carter ya shiga kwalekwale ya bi kogin da kansa, ya zauna ya bi lissafin ribar da aka ce aikin zai kawo, ya gano an kumbura shi. A 1973 ya hana aikin. Har yau wannan yanki na kogin yana gudana yadda Allah ya yi shi.

Da ya zama shugaban ƙasa a 1977, abin ya ƙaru. A 1979 ya sa aka kafa faranti 32 na dumama ruwa da hasken rana a rufin fadar White House, waɗanda aka cire a zamanin magajinsa Ronald Reagan. Babban aikinsa kuwa a Alaska yake. Da majalisa ta yi ta jan ƙafa, sai ya yi amfani da wata tsohuwar doka ta 1906 ya keɓe eka miliyan 56 a 1978, abin da ya fusata wasu mutanen jihar har suka ƙona mutum-mutuminsa a Fairbanks. A ranar 2 ga Disamba, 1980, bayan ya riga ya sha kaye a zaɓe, ya sa hannu a dokar da ta kare eka sama da miliyan 100 na dazuzzuka da duwatsu da koguna, wato kusan rabin faɗin Najeriya. Ya sha bayyana irin waɗannan matakai da harshen addini, cewa ƙasa amana ce aka ba mutum ya kula da ita.

A waɗannan shekarun ne ya ƙware a irin sun da ake yi da ƙwaron ƙarya, wanda masunci ke ƙullawa da zare da gashin tsuntsu a jikin ƙugiya, ya wurga shi ya sauka a kan ruwa kamar ƙwaro na gaske. Sana'a ce ta haƙuri da lura: sai ka san irin ƙwaron da ke tashi a wannan wata, da inda kifi ke fakewa. Shi da Rosalynn sukan sulale daga wurin hutawar shugabanni na Camp David zuwa wani rafi mai suna Spruce Creek a jihar Pennsylvania, kuma sun ci gaba da zuwa can shekaru da yawa bayan barin mulki.

A Camp David ɗin ne, cikin Satumban 1978, ya tsare Anwar Sadat na Masar da Menachem Begin na Isra'ila kwana 13. Sanarwar farko da su ukun suka amince da ita roƙo ce ga mutanen duniya su taya su da addu'a. A ranar ƙarshe tattaunawa ta wargaje, Begin ya haɗa kayansa. Dā ma ya nemi Carter ya sa masa hannu a wasu hotuna don jikokinsa. Sakatariyar Carter ta nemo sunayen yaran, shi kuma ya rubuta wa kowane jika sunansa a kan hotonsa, ya kai da hannunsa. Yadda Carter ya ba da labarin, Begin ya riƙa karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, muryarsa na rawa, suka ɗan yi hirar jikoki da yaƙi, kuma ba a jima ba aka koma teburi. Yarjejeniyar ta kawo zaman lafiya tsakanin Masar da Isra'ila, amma ta bar Falasɗinawa a rana, kuma wannan giɓi ya dami Carter har ƙarshen ransa. Littafin da ya fitar a 2006, inda ya kwatanta halin da ake ciki a yankunan da aka mamaye da mulkin wariya, ya jawo masa zagi a ƙasarsa, har mutum 14 suka fice daga majalisar masu ba da shawara ta Cibiyar Carter, wadda ya kafa bayan barin mulki. Bai janye littafin ba.

Sauran labarin mulkinsa sananne ne: tsadar kaya, layin mai, da Amurkawan da aka yi garkuwa da su a Tehran kwana 444. Jama'a suka juya masa baya a 1980.

Uba, sannan kaka

Ya koma Plains yana da shekara 56, ya tarar siton gyaɗar da ya bari a hannun amintattu ya ci bashin kusan dala miliyan ɗaya. Ya sayar da shi. Bai shiga hukumomin manyan kamfanoni ba, bai mai da kansa ɗan yawon lacca mai tsada ba. Da rubuta littattafai ya riƙe gidansa, ya rubuta sama da 30. Ya zauna a gidan da suka gina a 1961, kuma a cikinsa ya rasu. Ma'aikatansa sun yi masa kyautar bankwana da kayan aikin kafinta, sai ya mai da garejin gidan wurin sassaƙa, yana yin kujeru da gadaje da tebura, har da gadon jarirai.

'Ya'yansa maza uku, Jack da Chip da Jeff, an haife su ne tsakanin 1947 da 1952, lokacin yana soja, yana yawan tafiya teku. Sun taso a hannun uba mai son a yi komai daidai kuma a kan lokaci, wanda yabo ke yi wa wuyar fita, kuma sun yi aiki a siton gyaɗa kamar kowane lebura. Shi ma ya yarda cewa tsananin da ya gada daga mahaifinsa ya sauke shi a kansu. To amma tsananin yana tafe da wani abu. A taron addu'ar da aka yi masa a Atlanta, Chip ya tuna shekarar da ya faɗi jarrabawar Latin yana ƙaramar sakandare. Uban bai taɓa karanta harshen ba. Sai ya riƙa ɗaukar littafin yaron yana tafiya da shi wurin aiki, ya koya da rana, da dare ya dawo ya koyar da ɗansa, har hutun Kirsimeti ya ƙare. Da aka koma makaranta yaron ya sake jarrabawar ya cinye ta duka.

Auta Amy ta zo a 1967, bayan shekara 15, ta samu uba da ya riga ya yi laushi. Da suka koma Washington, makarantar gwamnati ya sa ta, wadda yawancin ɗalibanta 'ya'yan baƙaƙe ne da baƙin haure, ya kuma zana mata ɗan ɗakin wasa da aka kafa a cikin itatuwan fadar. Mai renonta, Mary Prince, baƙar fata ce da aka ɗaure kan kisan da ba ta aikata ba. Iyalin suka tsaya mata, Carter ya karɓi alhakin sa ido a kanta don ta samu damar bin su fadar, daga baya aka wanke ta, ta ci gaba da zama kusa da su a Plains.

A kan jikoki ne ya biya bashin lokacin da 'ya'yansa suka bi shi. Shekara da shekaru shi da Rosalynn suna tara zuriyar gaba ɗaya bayan Kirsimeti su tafi hutu wuri guda, su ne ke biyan kuɗin. Ya koya wa yaran jefa fatsa a tafkunan gonarsa, ya zaga da su daji suna tsintar kan kibiyoyin dutse na mutanen farko da suka zauna a ƙasar. Da babban jikansa Jason ya tashi magana a jana'izar ƙasa da aka yi a Washington ranar 9 ga Janairu, 2025, gaban shugabannin Amurka biyar, zancen gida ya yi: wayar tarho mai igiya a bangon kicin, da ledojin abinci da kakanninsa ke wankewa su shanya don a sake amfani da su. Abin da ya fi nanatawa shi ne kakan da suka sani a gida shi ne wanda duniya ta sani a waje.

Ranar Lahadi

Cocin Maranatha ƙarami ne, a gefen garin Plains. Waɗanda suka kafa shi a 1977 sun ɓalle ne daga tsohon cocin garin bayan rikicin da ya haɗa da batun shigar baƙaƙen fata. Carter ya shiga cikinsu da ya dawo gida a 1981, ya kama karantarwar safiyar Lahadi, ya riƙe ta kusan shekara 40. Gicciyen katakon da ke gaban cocin shi ya sassaƙa, haka ma farantan baiko. In layinsu ya zo, shi ke yanke ciyawar harabar, matarsa na share ciki. Masu zuwa ibada a kai a kai 'yan gomomi ne, amma in an ji zai karantar sai baƙi su cika wurin, wasu a mota suke kwana don su samu kujera. Yakan fara da tambayar kowa daga ina ya zo, kuma ba Kirista kaɗai ke amsawa ba.

Addininsa bai hana shi saɓa wa malaman ɗariƙarsa ba. A shekarar 2000 ya raba gari da babbar ƙungiyar Baptist ta kudancin Amurka, musamman kan matsayin da ta ba mata. Kowane dare shi da Rosalynn sukan karanta wani yanki na Littafi Mai Tsarki tare, wani lokaci da harshen Sifaniyanci, kuma sun ɗaukar wa kansu kada su kwanta da fushin juna. Daga 1984 kuma duk shekara sukan ba da mako guda suna aikin gini da hannunsu tare da ƙungiyar Habitat for Humanity mai gina wa talakawa gidaje. A Oktoban 2019 ya faɗi a gida aka yi masa ɗinki 14 a goshi, amma ya bayyana a wurin gini a Nashville da kumburarren ido, riƙe da kayan aiki.

Shekarar 2015 ta gwada shi sau biyu. A watan Agusta ya sanar da cewa ciwon daji ya kama hantarsa ya kai ga ƙwaƙwalwa, ya faɗi hakan cikin natsuwa, ya ce ya miƙa lamarinsa ga Allah. A farkon Disamba ya shaida wa ajinsa cewa likitoci ba su ƙara ganin ciwon ba. Mako biyu bayan wannan albishir, jikansa Jeremy ya rasu farat ɗaya yana da shekara 28. Sa'o'i kaɗan bayan rasuwar, kakan ya shigo coci a makare, ya ba da haƙurin jinkiri, ya faɗa wa jama'a abin da ya faru, sannan ya buɗe littafi ya yi darasin ranar. Duk wanda ya taɓa binne jika ya san nauyin wannan tsayuwa.

Rosalynn ta riga shi, ranar 19 ga Nuwamba, 2023, tana da shekara 96. An kawo shi wurin addu'arta a keken marasa lafiya, bayan ya yi wata tara yana jinyar ƙarshe a gida. Da nasa lokacin ya zo, motar da ta ɗauko gawarsa ta tsaya a gaban gonar Archery, aka kaɗa tsohuwar ƙararrawar gonar sau 39. An binne shi kusa da matarsa a harabar gidansu.

Tafkunanmu

A ƙarshen Maris na 1978 ya sauka a Legas, baƙon Janar Olusegun Obasanjo, ya zama shugaban Amurka na farko da ya kawo ziyarar aiki ta ƙasa da ƙasa a Afirka kudu da Sahara. Amma alaƙarsa ta gaske da mu ta fara ne bayan ya bar mulki, ta hanyar Cibiyar Carter da ya kafa a Atlanta a 1982. A 1986 ya haɗa hannu da masanin noma Norman Borlaug da attajirin Japan Ryoichi Sasakawa suka kafa shirin bunƙasa noman ƙananan manoma, wanda manoman masara da alkama a Kano da Jigawa da Kaduna suka sani da sunan Sasakawa. A shekarar ce kuma cibiyar ta ɗaura yaƙi da kurkunu.

Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, kuma wannan kansa shi ne girman aikin. Mutum ya sha ruwan tafki ko kududdufi mai ɗauke da wasu ƙananan ƙwari da ido bai cika gani ba. Bayan kamar shekara guda ƙafa ta yi bororo mai zafi kamar wuta, tsutsa fara mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta fara leƙowa. Ba allura, ba ƙwaya. Sai dai a naɗe ta a tsinke ana ja a hankali, kullum ɗan kaɗan, makonni ana abu ɗaya, in ta tsinke kuwa ƙafa ta rube. Mai ciwon yakan tsoma ƙafar a ruwa don ya ji sanyi, nan take tsutsar ta zuba 'ya'yanta, tafkin ya sake ɗaukar cutar baɗi. A ƙasashenmu na Sahel da damina take fitowa, daidai lokacin shuka da noma, ta kwantar da magidanci da matarsa da manyan 'ya'yansa a tabarma guda, gona ta zama saura.

A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa duk shekara a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Carter ya fara ganin cutar da idonsa a wasu ƙauyuka kusa da Accra a 1988, kuma gani ya kori ji. Manomi ne, bai buƙaci a yi masa bayanin abin da kwanciya a tsakiyar damina ke nufi ga rumbu ba. Ƙidayar farko da aka yi a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980 ta gano sama da mutum dubu 650, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. A Nijar an samu sama da dubu 30, yankin Damagaram da na Tillaberi suna cikin waɗanda suka fi shan wuya.

Makaman yaƙin ba su da kwarjini: ƙyallen tace ruwa, ɗan bututu mai mataci da makiyayi zai rataya a wuya ya sha ruwa da shi a daji, maganin da ake zubawa a tafki ya kashe ƙwarin, rijiyar burtsatse inda hali ya yi, da kuma 'yan sa-kai na ƙauye masu riƙe da littafi suna rubuta duk wanda ya kamu, suna hana shi shiga ruwa. Aiki ne na canza ɗabi'a, wanda ba ya yiwuwa sai da yardar mai gari da liman da matan da ke ɗibar ruwa. Abin da Carter ya kawo shi ne nauyin sunansa. Ya roƙi kamfanoni suka ba da ƙyallen da maganin kyauta, ya matsa wa shugabannin ƙasashe lamba, ya jawo Janar Yakubu Gowon a Najeriya da Janar Amadou Toumani Touré a Mali suka riƙa shiga ƙauyuka da kansu. A 1995 ya shawo kan gwamnatin Sudan da 'yan tawayen kudu suka tsagaita wuta na kusan wata shida don ma'aikatan lafiya su isa ƙauyukan da yaƙi ya rufe. Lambar Nobel ta zaman lafiya da aka ba shi a 2002 ta ambaci irin waɗannan ayyuka.

An ga mai kurkunu na ƙarshe a Najeriya a jihar Inugu cikin Nuwamban 2008. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Najeriya da Nijar sun rabu da cutar, Gana ta biyo baya a 2015. Daga ofishinta na Jos, cibiyar ta kuma yi aiki da gwamnatocin Filato da Nasarawa a kan tsargiya da tundurmi da makantar da ƙudan bakin kogi ke jawowa, kuma a 2017 aka sanar da cewa jihohin biyu sun kawar da tundurmi a matsayin barazana ga lafiyar jama'a.

Ranar da ya bayyana ciwonsa a 2015, ya ce burinsa shi ne tsutsar kurkunu ta ƙarshe ta riga shi mutuwa. Bai samu wannan ba, amma saura ƙiris. A shekarar da ya rasu, mutum 15 kacal aka samu da cutar a faɗin duniya, a Cadi da Sudan ta Kudu. Abin da ya rage shi ne mafi wuya, domin a gaɓar kogin Shari an gano tsutsar tana kama karnuka, ana kuma zargin ɗanyen kayan cikin kifi da masunta ke zubarwa a bakin ruwa. Yanzu a ƙauyukan masuntan Cadi da na arewacin Kamaru ana ɗaure karnuka a lokacin da cutar ke fitowa, ana binne kayan cikin kifi a rami, ana ba da tukuicin kuɗi ga duk wanda ya kawo rahoton mutum ko dabbar da ta kamu. Jason, jikan Carter, ne ke shugabantar majalisar amintattun cibiyar da ke tallafa wa wannan aiki.